Wainar da Na Sassaƙa a Birnin Ɗori

Da sunan Allah nake farawa, Wanda Ya ɗaga sama babu ginshiƙi, Ya shimfiɗa ƙasa babu matokari. Bayan haka, ku matso ku ji labarin tafiyata zuwa Birnin Ɗori, da abin da ya kai ni, da abin da na komo da shi. Ba zan yi muku ƙarin gishiri ba, yadda na gani haka zan faɗa.

Sunana Shekarau, masassaƙi ɗan masassaƙi, daga wani gari da ake kira Rafin Gawo. Turmi, akushi, muciya, kujerar tsugunno, babu wanda hannuna bai fitar ba. Matata Gwamma kuwa mai waina ce. Shekara talatin da ɗaya tana zama gaban tandarta tun da sassafe, ni kuma kullum da yamma in tattaro mata sassaƙen da ya zube a wurin aikina, don da shi take hura wuta. Kowace safiya takan ajiye mini waina huɗu a ƙwarya, in ci in fita. Ba mu da yawan hira. Ni ba gwanin baki ba ne, ita kuwa maganarta masu saye ke cinyewa.

Rannan tana cikin juya waina, cokali ya suɓuce daga hannunta. Ɓarin jikinta ya shanye. Ƙafa ta dawo kaɗan-kaɗan, magana ma ta dawo tana jan ta, amma haɗiya ta ƙi. In ta sa loma sai ta tsaya mata a wuya, in ta kurɓi ruwa ya sarƙe ta har idanu su firfito. Mai magani ya ce sai kunu mai kauri, a cokali, a hankali.

Gwamma ta yi kwana goma tana sha, a na sha ɗaya ta ture cokalin.

"Malam," ta ce, "ni ba jaririya ba ce. Abin da ba zan ɗauka da hannuna in kai baki ba, ba abinci ba ne."

Na yi lallashi, na yi faɗa, 'yarmu Lantana ta baro ɗakin mijinta ta zo ta yi kuka. Sai Gwamma ta sha cokali uku don kunyar Lantana, ta juya fuska bango. Na san taurin kan matar nan. Kafin wata guda munduwarta tana zamewa har gwiwar hannu. Mai magani ya ja ni waje ya ce in aka ci gaba a haka ba za ta ga kaka ba, lokacin kuwa ruwan shuka ya sauka ke nan. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

A makon nan wani bafatake mai suna Jatau ya zo sayen akusa. Yana rataye da wata rediyo. Na karɓa ina jujjuyawa, irin kallon da mai sana'a ke yi wa aikin wani, ina neman inda aka haɗa ta. Babu ƙusa, babu ɗinki, babu gaɓa.

"Ka daina wahalar da idonka," in ji Jatau. "Ba haɗa ta aka yi ba, gina ta aka yi. Ka taɓa ganin yadda zanzaro ke gina ɗakinsa? To a Birnin Ɗori suna da injuna masu aiki haka, sunan da suke kiransu ma ke nan. Su tofa siririn layi, su ɗora wani a kai, har abu ya tashi. Fitila, rediyo, waya, har abincin da suke ci. Na ga tsohon da ba shi da haƙori ko ɗaya yana cin tsire a can. A hannu tsire ne, a harshe kuwa ya narke."

Ban bar shi ya kai ƙarshe ba. Washegari na bar Gwamma a hannun Lantana, na rataya gizago da gatari, na bi ayarinsa.

Mun yi kwana ashirin da shida muna tafiya. Muka ratsa ƙasar da duwatsunta ke kuka in iska ta taso, muka wuce wani fili da aka shuka shi da baƙaƙen farantai masu shan rana, ana tatsar wuta daga cikinsu. Daga nan muka iso bakin Tafkin Gishiri, wanda birnin ke tsakiyarsa. Jirgi ba ya shiga ruwan, don yana cinye katako da ƙarfe. Gada ma cinye ta yake yi cikin mako. Saboda haka akwai wani ƙaton zanzaro, ya fi giwa, wanda aikinsa ke nan har abada: ya tafi yana tofa gada, ya komo yana ɗora wata shimfiɗar a kai. Matafiya su bi bayansa. Inda ya tofa yanzu baƙi ne, in ya bushe ya koma fari, kuma farin kaɗai ake takawa.

Jatau ya san wannan sarai. Amma hadari ya haɗo, kayansa kuwa garin shinkafa ne, sai ya tsikari jakin gaba. Jaki ya yi taku biyar a kan baƙi, ƙafafunsa huɗu suka nutse har idon sawu, abin ya bushe a kansu. Can gaba kuma ga zanzaron ya juyo. Ba ya gani, ba ya ji, abin da ya tarar a hanya ginawa yake yi a kai.

Na sauke gizagona na durƙusa. Na sare kewayen kofato ɗaya, na koma na biyu. Ina kan na huɗu har ina jin ɗumin bakin injin a ƙeyata. Muka fizge jakin, muka raɓe a gefen gada, abin ya wuce yana tofi.

Da Jatau ya dawo hayyacinsa ya ce, "Allah Ya saka. Amma ka ji, Shekarau, abin da ka yi yanzu laifi ne inda za mu. Kakanninsu sun sare itatuwan tsibirin nan kaf, suka fafe dutsensu har ya rufta da rabin gari. Waɗanda suka tsira suka yi rantsuwa ba za a sake rage komai ba. Ba sara, ba yanka, ba sassaƙa. Ƙari kawai."

Na ce a raina, to, ga masassaƙi ya zo garin da sana'arsa abin kunya ce.

A ƙofar birni aka zare kan gizagona da na gatarina aka ajiye, aka miƙo mini ƙotocin. Sannan aka auna duk abin da zan shiga da shi. Kowane abu, wani ƙaramin zanzaro ya gina masa dunƙule mai nauyinsa daidai, suna kiransa tagwai, a ajiye a ƙofa. Ranar fita za a ɗora kayanka da tagwayensu a ma'auni, a ga ko ka rage wani abu. Nan muka rabu da Jatau, ya nufi kasuwa.

Gidan Abinci na fara nema. Wani dogon zaure ne, a tsakiyarsa babban zanzaro mai bakuna ɗari, kowane baki yana zagaya faranti yana tofa ƙullu siriri kamar zare. Na ga kifi ya tashi daga wutsiya zuwa kai. Na ga wani abu kamar cinyar kaza. Aka ba ni na ɗanɗana: a hannu yana da jiki, a baki ya baje ya sulale, ba tauna ba sarƙewa. Hawaye suka zo mini. Sai dai na lura injin yana yi yana tsayawa kamar mai shaƙuwa, layin mutane kuwa har titi.

Na tambayi mai kula da gidan ko suna gina waina. Bai taɓa jin sunanta ba. Na kwatanta da hannu, ya girgiza kai.

"Zanzaro ba ya jin kwatance," ya ce. "Kawo siffar a sa a gaban madubi, madubi ya ɗauka ya ba shi. In kuma zanzaro kake so ka tafi da shi gida, baƙo yakan yi aikin shekara guda kafin a ba shi ƙarami."

Shekara guda, ni da nake da kwana talatin in na matsa. Duk da haka na karɓi aikin, don ban ga wata ƙofar ba.

Aka kai ni Gidan Wayoyi, wurin wata dattijuwa mai suna Magajiya Dudu, mai kaifin ido da ƙarancin magana. A nan ake gina kayan wuta. Baki ɗaya ya tofa jikin abin, wani ya bi yana ja masa jijiyoyin azurfa a ciki, shimfiɗa bisa shimfiɗa, har rediyo ta tashi da muryarta. Amma akwai abin da Jatau bai gaya mini ba. Ba a ɗora abu a kan iska. Duk inda gini ya yi baranda, sai zanzaro ya fara gina masa 'yan sanduna su tokare shi, in ya bushe a cire. Da yake wuƙa haramun ce, da yatsa suke ɓallewa. Cikin uku sai ɗaya ya tsage.

Wannan aikin aka ba ni. Kwana biyu ina ɓallewa ina ɓarna, zuciyata tana ƙuna. A na uku na tsinci wani ɓallin allo da ya fashe, bakinsa da kaifi kamar fasasshiyar kwalba. Na ɓoye shi a tafin hannu, na riƙa bin gindin sandunan ina shafcewa. Daga ranar kwandon da nake zuba aikina bai sake ganin fasasshe ba. Magajiya Dudu ta zo ta ɗaga ɗaya, ta shafa wurin da babban yatsa, ta dube ni. Sannan ta wuce.

Saura siffar waina. A birnin nan babu tanda, babu wanda ya iya suya. Sai na dubi ƙotar gatarina. Kanta dunƙulalle ne, icen ƙirya ne mai kyau, ya kai faɗin tafin hannu. Da rana tsaka, lokacin da ma'aikata ke hutawa, na zauna bayan tulin kwanduna, na ciro ɓallin nan na fara sassaƙa. Ban yi wani tunani ba. Abin da na ci safiya dubu goma, yatsuna sun san shi: tudun bayanta, siririn gefenta, 'yan ramukan fuskarta, da layin nan da ke ratsa bayanta a karkace. Kwana huɗu na gama. Sassaƙen kuwa ina tattarawa ina zubawa a aljihu, don hannuna ya saba.

Na kai ta gaban madubi. Madubi ya zagaya ta da haske ya ɗauke siffar. Har na fara murna, sai mai madubin ya ɗaga ta ya kanga da rana.

"Wannan sawun kaifi ne," ya ce. Ya buga ƙararrawa.

Ku ji yadda suke hukunci. Ba sa duka, ba sa kisa, don duk ragewa ne. Tsayar da kai za a yi a dandali, a kawo zanzaro ya riƙa gina katanga kewaye da kai, taƙi biyu kowace rana, ana miƙo maka abinci ta sama, har ranar da za ta rufe. Aka tsayar da ni. Rana ta farko ta kai ƙwauri, ta biyu ta wuce gwiwa, ta uku ta kai ƙugu. Mutane suna wucewa suna kauda kai. Ban damu da kaina ba sosai. Kwanakin nake ƙirgawa, ina ganin munduwar Gwamma tana zamewa.

A rana ta huɗu, katanga ta kai ƙirji, sai ga Magajiya Dudu tafe da alƙalin birni, wani gajeren tsoho da ake bin sa da ma'auni duk inda ya sa ƙafa.

"Baƙo," in ji alƙali, "Magajiya ta roƙa a saurare ka. Ka rage itace ko ba ka rage ba?"

Da na ji kalmar, sai aljihuna ya faɗo mini a rai. Na ce, "Allah Ya gafarta malam, a ɗauko tagwan ƙotar daga ƙofa a auna."

Aka ɗauko. Aka sa tagwai a gefe guda, a ɗaya gefen aka sa guntun ƙotar da wainar itace. Tagwai ya rinjaya, jama'a suka yi gunaguni. Na sa hannu a aljihu na damƙo sassaƙe na zuba. Na sake damƙowa. Na zazzage aljihun har ƙurar. Ma'auni ya taso a hankali, ya zo daf da daidaita, ya tsaya. Saura ƙiris.

"Bai cika ba," in ji alƙali.

Gumi ya karyo mini. Na dafa katanga, sai na ji zafi a babban yatsana. Sartse ne ya shige ni tun ranar farko, ban samu sukunin cirewa ba. Na sa haƙori na zaro shi, na ɗora. Ma'auni ya daidaita cif.

Alƙali ya dubi sassaƙen da ke kan ma'auni. Sannan ya ce, "Me ya sa ka adana wannan sharar?"

"Ba shara ba ce. Matata ke hura wuta da shi."

Ya sa na ba shi labarin Gwamma, na ba shi a taƙaice. Ya shafa gemu ya ce dokar kakanni ta hana ragewa, wannan kuwa bai rage ba, rabawa ya yi, kuma kowane ɓangare yana da inda za shi. Babu laifi.

Ba su rushe katangar ba, kun dai san dalili. Matakala suka gina mini a ciki na hau na fito.

Ina saukowa Magajiya Dudu ta buɗe wani ƙyalle. A ciki akwai wani abu kamar saƙar zuma, jijiyoyin azurfa sun cika shi, sirara kamar gashi, 'yan sandunan tokara kuma sun fi ɗari biyu.

"Ƙwaƙwalwar babban zanzaron Gidan Abinci ce," ta ce. "Tsohuwar ta gaji, ka ga yadda yake shaƙuwa. Mun gina bakwai, duk sun tsage a wurin ɓallewa. Wannan ce ta takwas, azurfarmu kuma ta ƙare. In zanzaron ya tsaya, birnin nan ba mai ko tukunya."

Na ce, "Magajiya, zan yi. Amma ba ni da shekara."

"Na ji labarinka ai," ta ce. "Yi aikinka."

Aka shimfiɗa farin zane a dandali don kada ko ɓarɓashi ya ɓace. Aka karɓo mini kan gizagona daga ƙofa, amma na ce a bar shi, ɓallin nan ya fi dacewa. Daga hantsi har la'asar ina bin sandunan ɗaya bayan ɗaya, ina riƙe numfashi, mutanen da ba su taɓa ganin yanka ba sun yi da'ira suna leƙe. Da na cire ta ƙarshe aka tattara zanen, aka juye ɓarɓashin a cikin zanzaro don a sake gini da shi. Aka kai ƙwaƙwalwar aka sa. Bakuna ɗari suka tashi a tare, babu mai shaƙuwa.

Washegari Magajiya Dudu ta ba ni ƙaramin zanzaro, bai fi turmin daka yaji ba, da farantinsa na shan rana, siffar waina tana cikinsa. Ta koya mini haɗin: ƙullun shinkafa a dafa shi ya yi laushi, a tace, a sa ɗan ƙaro don ya riƙe jiki. Ni kuma na bar mata ɓallin, na nuna wa mutum biyu yadda ake riƙe shi.

Na goyo shi a baya kamar ɗa. Kwana ashirin da shidan nan na yi su a goma sha tara. Da na hango Rafin Gawo gero ya riga ya fitar da kai, gabana yana ta faɗuwa. Ban tambayi kowa a hanya ba, don ina tsoron amsar.

Na tarar da ita da rai, amma kaɗan ya rage. An cire munduwar ma, don ba ta zama. Ta buɗe ido ta dube ni.

"Ka dawo," ta ce.

"Na dawo."

Lantana ta haɗa ƙullu yadda na gaya mata. Na kafa farantin a rana, na ajiye zanzaro a bakin ƙofa inda Gwamma za ta gani. Bakinsa ya fara zagayawa, layi bisa layi, yana gasa gefen da ɗan zafinsa, har ƙamshi ya tashi. Na sa a ƙwarya na kai mata. Ban ɗauko cokali ba.

Ta miƙa hannunta mai lafiya ta ɗauka. Ta jujjuya, irin yadda na jujjuya rediyon Jatau. Da ta kifa ta, sai ta tsaya. Ta bi layin nan na baya da yatsa.

"Wa ya kai musu tandata?"

"Ba wanda ya kai. Ni na sassaƙa musu siffar, da ka."

"Har da wannan layin?"

"To ai haka waina take."

Sai na ga rabin fuskarta yana motsi. Na ɗauka ciwon ne, ashe dariya ce.

"Malam," ta ce, "wannan ta gurbi na biyar ce, wanda ya tsage tun shekarar da aka haifi Lantana. Masu saye ba sa ɗauka, shi ya sa nake ajiye maka. Duk shekarun nan ka ɗauka haka waina take?"

Na ce, "Ni ban taɓa cin ta wani ba."

Ta kafe ni da ido, har na ji kunya na sunkuyar da kai. Sannan ta gutsura da hannunta ta kai baki. Ni da Lantana muka zuba wa wuyanta ido. Ya motsa sau ɗaya, loma ta wuce. Ba tari, ba sarƙewa. Ta sake gutsura, ta sake, har ta cinye ta lashe yatsa. Lantana ta juya baya tana share ido da gefen zane.

"Gishiri bai ji ba," in ji Gwamma. "Ke Lantana, kawo ƙullun nan in gani. Kai kuma Malam, sa abin naka ya yi wata."

A nan tafiyata ta tsaya. Gwamma ta ga kakar waccan shekarar, ta ga wasu shida bayanta, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta yarda an gyara layin nan ba.